Kaset ɗin da wana ya kunna a zaure

Wana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗauki kaset ɗin da na yi kuka a cikinsa ya kunna wa mutane a zauren gidanmu na Tambuwal. Abin da ya yi mini ke nan, kuma ba zan sakaya shi ba. Amana na ba shi ya kai tasha. Ya warware takardar da na naɗe shi da ita, ya tara maza bayan la'asar, ya ƙure muryar rediyo. Shekaru sun ja, furfura ta cika mini gemu, amma har yau in na wuce ƙofar zauren nan sai na ji ƙeyata ta ɗauki zafi.

Sai dai ba don shi na ɗauki biro ba. Da don shi ne, layi uku sun ishe shi. Akwai wani mutum da ya yi mini abin da dangina ba su yi ba, ya riga ya rasu, kuma na ga in na mutu ban faɗi aikinsa ba, babu mai faɗa. A aji huɗu na bar makaranta. Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya gyara a ransa, ya bar ni in ci gaba.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiharmu ba. Ƙasa ta yi albarka, ko'ina aikin hanya ake, tifofi na ta zirga-zirga da yashi da tsakuwa, wanda jiya yake kan jaki yau ya hau babur. Wana masinja ne a ofis. Da aka yi musu ƙarin albashi ya sayo rediyo mai kaset, babba, mai hannu, ya sa aka ɗinka masa riga ta yadi. A unguwarmu shi ya fara. Ni kuwa direba ne, ina jan bas ɗin wani alhaji tsakanin Tambuwal da Sakkwato. Ina da ƙarfi, ina da gudu, 'yan kamasho suna yi mini kirari in na shigo tasha, ni kuma kaina na ƙara girma.

Matata 'yar Dogon Daji ce. Cikinta na fari ya tsufa, aka ce a kai ta gidansu goyon ciki kamar yadda aka saba. Na ce ba sai an nemi wata mota ba, hanyata ce. Na sa ta gaba kusa da ni, na cika baya da fasinja, muka tashi da hantsi. Mun yi nisa kaɗan sai wata tifa ta shiga gabana tana tafiyar hawainiya. Na fita zan wuce ta, tayar gaba ta fashe. Abin da na sani bayan nan shi ne ƙasa a bakina da ƙarar injin da ya ƙi mutuwa. Fasinja sun ji raunuka, wani ya karye, ni kaina ya tsage daga goshi zuwa kunne. Ita kaɗai ta rasu, ita da abin da ke cikinta.

Aka yi zaman makoki. Duk wanda ya shigo kalma ɗaya ce a bakinsa, a yi haƙuri, taya ce ta fashe, kwana ne ya ƙare. Na amsa da amin har bakina ya bushe. Ban zubar da hawaye ba, mutane suka yaba mini, suka ce namiji ne. A wurinmu namiji ba ya kukan mata a gaban mutane, ko sunan matarsa ta fari ba ya kamawa, kunya ce. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, kowa ya kaɗe rigarsa ya koma harkarsa.

A nan ne nawa ya fara. Barci ya ƙaurace mini. Abinci ya koma kamar ƙasa. In babur ya yi ɓarin wuta a bayan katanga sai in tsinci kaina a durƙushe, gumi na zuba, ƙirjina na dukan uku-uku. Warin fetur kuwa amai yake sa ni. Tashar da nake shiga ana yi mini kirari, sai ga shi ko hanyar da ta nufe ta ba na iya bi. Alhaji mai mota ya jira ya gaji, ya ba wani makulli, ban ga laifinsa ba.

A gida aka ce iska ce ta wurin haɗarin ta biyo ni. Aka yi mini rubutu na sha, aka yi mini hayaƙi har idona ya yi ja. Ba na raina rubutu, ayar Allah ce, kuma na sha da imani. Abin da nake cewa shi ne, cikin duk masu kawo ƙwarya da kasko babu wanda ya zauna ya tambaye ni abin da ke cikina. Wana shi ne kan gaba wajen neman magani, wannan na ba shi. Amma magana yake yi a kaina da mutane ina zaune, kamar akuyar da aka kai kasuwa.

Raunin kaina ya ƙi warkewa da wuri, saboda haka duk bayan kwana biyu nake zuwa ɗakin shan magani a wanke mini. Malamin asibitin da ke wurin dattijo ne siriri, baƙi, ɗan yatsansa ɗaya na hagu a guntule. Ba ya da yawan magana. An ce lokacin yaƙin basasa yana cikin masu kwaso waɗanda aka harba, shi dai bai taɓa yi mana fariya da shi ba. Wata rana yana naɗa mini bandeji wata mota ta danna hon a waje. Na zabura har na ture kwanon almakashinsa. Na jira faɗa. Ya sunkuya ya tsince kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya sallami wanda ke jira a benci ya ce ya dawo an jima, ya tura ƙofa, ya jawo kujera ya zauna daidai da ni.

Ya ce, "Direba, in ka rufe ido, mi kaka gani?"

Wata biyu da rasuwarta, shi ne mutum na farko da ya yi mini tambaya. Bakina ya yi nauyi, na ce masa ba komai. Bai matsa ba. Ya ce shi ma bayan ya dawo daga yaƙi ya shekara ba ya iya cin nama, in an yanka rago a layinsu sai ya bar unguwar. Ya ce ba iska ba ce kuma ba hauka ba ce, tsoro ne ya shiga jiki ya rasa ƙofar fita, kuma ya ga sojoji ƙarti da suka fi ni ƙirji suna fama da shi. Ya ce in dawo jibi, ko raunin bai buƙaci wanki ba.

Sau uku kawai muka zauna haka, sai takarda ta zo an mai da shi Kebbe. A lokacin hanyar Kebbe ba hanya ba ce, in damina ta sauka sai a-kori-kura mai ƙarfin hali, ita ma ran kasuwa. Ko da hanyar ta gilashi ce ma, ni da ba na iya kusantar mota ina zan je? Da ya zo yi mini sallama na ce masa shi ke nan, Malam, ka tafi da ɗan abin da na samu. Ya tambaye ni ko ina iya wasiƙa. Na ce ina haɗa baƙi, amma abin da ke cikina ya fi ƙarfin hannuna. Sai ya ce ya ji ana cewa akwai rediyo mai kaset a gidanmu. Shi ma yana da ƙarami da yake jin labarai. Ya ce to magana ta ƙare, bakina zai yi abin da hannuna ya kasa.

Ga yadda muka tsara. Ni zan yi magana a kaset in naɗe da takarda. Akwai direban a-kori-kura da ke zuwa Kebbe duk mako, mutumin kirki mai jan baki da goro, shi zai kai. Malam zai saurara, sannan ya ɗauki amsarsa a kan kaset ɗin nan dai, a bisa muryata. Ya ce da haka abin da na faɗa ya shiga kunnensa ya tsaya nan, babu inda ya rage a duniya. Tun da ba na iya zuwa tasha, wana ne zai riƙa miƙa wa direban in zai tafi ofis, ya karɓo mini in ta dawo. Wana ya yarda, har ya ba ni aron rediyon, yana dariya yana cewa yanzu kuma likitoci ta cikin akwati suke duba marar lafiya.

Kaset na farko da na aika, rabinsa gaisuwa ce. Ina gajiya, ina iyali, yaya baƙunta. Da amsa ta zo na shiga ɗaki bayan azahar, lokacin mutanen gida suna gona, na kunna. Ya amsa gaisuwata a taƙaice, ya ce ya ji lafiyar kowa amma bai ji tawa ba. Ya sake tambayar nan tasa ta rufe ido. Sai ya yi shiru. Na ɗauka batir ne ya mutu, na ɗaga rediyon na girgiza. Ashe kaset na tafiya. Ina jin zakara na cara a Kebbe, ina jin wata mata na daka a nesa, ina jin numfashinsa, har da ƙarar kujerarsa in ya gyara zama. Zaune yake yana jirana. Mutum ya zauna shi kaɗai a gaban rediyo a wani gari, ya bar zare na tafiya a banza, don in samu wurin amsawa. Ban san lokacin da na fara magana ba.

Haka yake aikinsa. Tambaya ɗaya, sai shiru mai tsawo. In shirun ya ƙare sai ya ce, "To, na ji," kamar da gaske ya ji. Daga baya in sa sabon kaset in maimaita masa abin da na faɗa wa shirun. Sabo nake sa wa kullum, don ban iya shafe muryarsa ba. Bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba, ko sau ɗaya. Ya kan ba ni ɗan aiki. Makon farko ya ce in fita da hantsi in bi hanyar tasha har inda ƙafata ta fara rawa, in tsaya nan in yi tasbihi har ƙirjina ya lafa, in juyo. Kada in wuce wurin, kada kuma in gudu kafin ya lafa. Na gaya masa a gindin tsamiyar bakin layinmu na tsaya. Ya ce madalla, tsamiya ta zama tamu, mako mai zuwa shagon tela. Wani lokaci ya kan sako labarin Kebbe, yadda wani Bafulatani ya kawo masa saniya a yi mata allura, ko yadda ya je Fakku a keke ruwa ya tare shi. Na lura sai ya ji muryata ta yi nauyi a kaset ɗin da ya gabata yake sako irin wannan.

Mutanen gida kuwa abin da suke ji shi ne ina magana ni kaɗai a ɗaki, in yi shiru, in sake magana. Suka fara kallon juna.

Wajen mako na tara ya yi mini tambayar da nake gudu. Ya ce na ba shi labarin tifa, na ba shi na taya, na ba shi na ƙasa a baki, amma ban taɓa gaya masa abin da ita ta ce a cikin motar ba. Shirun da ya bari a wannan karon ya kusa cinye gefen kaset ɗin gaba ɗaya.

Na sa sabon kaset na faɗa masa. Tayar nan na san ta suɗe, kwana uku kafin nan mai faci ya nuna mini, na ce za ta kai mako. Kuma da na taka mota zan wuce tifar, ta dafa gwiwata, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba, ta ce, "Maigida, ka rage, abin ga shina motsi." Ni kuwa na yi dariya na ƙara wuta, don in nuna mata mijinta direba ne. Wannan ce maganarta ta ƙarshe, dariyata ce amsar da ta samu. Da na faɗi haka sai abin da na danne tun ranar makoki ya ɓalle. Na yi kuka irin na yaro, na kira sunanta, na sake kira, na ce ta yafe mini. Ban kashe rediyon ba. Da na natsu na naɗe kaset ɗin, da safe na ba wana.

Ran nan na yi tafiyata ta hantsi har na wuce shagon tela, jikina sakayau kamar an sauke mini buhu. Da la'asar na je masallaci, na tsaya gaisawa da wani, na nufo gida. Tun daga bakin layi na ji murya na fitowa daga zaurenmu. Na ce a raina wane ne wannan ke kuka haka. Sai da na zo ƙofa na gane ni ne.

Zauren cike yake. Maƙwabta, abokan wana na ofis, dattawan unguwa, har da limaminmu. Rediyon na tsakiya a kan tabarma. Na iso daidai inda nake kiran sunanta. Wani ya yi dariya ya toshe baki da hula. Sai na ga wana ya miƙa hannu ya danna, zare ya yi ƙara ya koma baya, ya sake sako wurin. Liman ya miƙe ya ɗauki takalmansa ya fita, muka yi kiciɓis a ƙofa ya sunkuyar da kai. Na shiga na zare kaset ɗin na sa a aljihu. Wana ya ce don a taimake ni ya yi, malamai su ji muryar abin da ke magana a bakina su san irin maganin da za a nema. Na juya na shige ɗakina. Da na buɗe baki a ranar, da ɗayanmu bai kwana a gidan ba.

Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka. In na wuce teburin mai shayi sai wani ya ƙanƙance murya ya kira sunan matata. Wasu suka ce na haukace, wasu suka ce ashe shi ya kashe ta, wasu kuma abin da ya dame su kawai shi ne namiji ya yi wa mace kuka. Na koma ɗaki na rufe. Tsamiya ma na daina zuwa. Na bar wa wana rediyonsa, na yi rantsuwa ba zan ƙara buɗe cikina ga kowa ba, har Malam ɗin, don a lokacin shi ma ina jin haushinsa. Shi ya sa na yi magana.

Mako uku ban aika komai ba. Ran nan da hantsi aka yi sallama, na fito na ga direban a-kori-kura da kansa, rungume da wani abu a cikin tsumma. Ƙaramin rediyon Malam ne, da kaset a ciki. Ya ce Malam ya ji duk abin da ya faru, shi ya gaya masa. Wai Malam ya ce in riƙe rediyon, shi zai riƙa aron na hedimastan Kebbe in zai saurare ni. Mutumin da ba ya da abokin hira a baƙon gari sai wannan akwati, shi ya naɗe ya aiko mini.

A kaset ɗin bai zagi wana ba, bai kuma kare shi ba. Ya ce laifin farko nasa ne, da ya bar amanata ta bi ta hannu biyu, kuma yana neman gafarata. Ban taɓa jin babba ya nemi gafarar na ƙasa da shi ba sai ran nan. Sannan ya ce:

"Kaset ɗin ga nawa ne, Direba. Ni anka yi ma shi. Duk Tambuwal sun ji, ni mai shi ban ji ba. Ina son abina. Amma na hana mai a-kori-kura ya amshe shi a gida, kuma ba ni son shi ta hannun kowa. Ka kai mashi tasha da hannunka."

Sai ya bar shirunsa. A cikin shirun na zage shi, Allah ya yafe mini. Na ce wannan tsoho bai san abin da yake faɗa ba. Tasha ita ce inda injuna suke, ita ce kuma inda masu dariyar suka fi yawa. Da shirun ya ƙare ya ce, "To, na ji," har sai da na yi murmushi ban shirya ba.

Ran da motar Kebbe za ta tashi na sa kaset ɗin a aljihu na fita. Na tsaya a tsamiya na yi tasbihi. Na tsaya a shagon tela. Gaba kaɗan da nan ƙasar da ban taka ba ce tun ranar haɗarin. Warin fetur ya tarye ni, miyau ya cika mini baki, na tofar na ci gaba. A bakin tasha wata bas ta tayar da inji kusa da ni, na dafa wani turke na tsaya kamar yadda ya koya mini, ba gaba ba baya, har ƙirjina ya lafa. Wani ɗan kamasho da a da yake yi mini kirari ya hango ni, ya ƙanƙance murya zai fara. Na dube shi ido cikin ido na ce matata ce, na yi mata kuka, in yana da abin ƙari ya matso ya faɗa. Ya juya yana kiran fasinja. Na ratsa har gindin a-kori-kura na miƙa kaset ɗin. Direban ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihun ƙirjinsa ya maɓalle.

Amsar da ta dawo ita ce ta fi komai yi mini amfani, kuma ba mai daɗi ba ce. Na ɗauka zai ce ba laifina ba ne, kamar kowa. Ya ce tayar ta suɗe kuma na sani, ta ce in rage ban rage ba, wannan gaskiya ne, ba zai shafe mini ita ba. Ya ce amma ban yi nufin kashe ta ba, wannan ma gaskiya ne, kuma dole in riƙe su duka biyu. Ya ce mutane sun yi ta rufe ni da maganar ƙaddara don suna tausayina, sai suka bar ni da kaya ba wurin saukewa. Shi ba malamin addini ba ne, allura da bandeji ya sani, amma in je wurin liman in tambaye shi abin da ke kan wanda rai ya salwanta ta hannunsa bisa kuskure.

Na je. Liman ya ce tun ran da ya fita daga zauren nan yake jirana, kunya ce ta hana shi zuwa. Ya yi mini bayanin kaffara, azumin wata biyu a jere, ya kuma ce in je in sami iyayenta in faɗa musu da bakina. Na je Dogon Daji a ƙasa, na faɗa. Azumin ya faɗo cikin bazara, na sha wuya, amma duk yammar da na kai ruwa baki sai in ji wani abu ya ragu. Ban ce na warke sarai ba. Har gobe ba na zama gaban mota. Amma barci ya dawo, na ci abinci na ji gishiri.

Tuƙi kam na bar shi. Na koyi faci, na kafa rumfa a bakin tashar nan da na kasa shiga. Direbobi suna cewa bakina ba daɗi, don in na ga taya ta suɗe ba na lallashi, ina faɗa a gaban fasinja. Wanda ya ji haushi ya kai wani wuri.

Mun yi shekara da wani abu muna musayar kaset da Malam, har wata rana ya ce ya ga alama yanzu labarin tasha ya fi yawa a bakina, saboda haka in mayar masa da rediyonsa, hedimasta ya fara ɓata rai. Sau biyu kawai na ƙara ganinsa ido da ido. Na biyun na kai masa buhun gero, ya ce in mayar, in kuma na matsa zai raba wa marasa lafiya a gabana. Ya raba ɗin. Da ya rasu, direban a-kori-kura ne ya zo rumfata ya gaya mini, na rufe aiki na shiga bayan motarsa muka tafi Kebbe. Kaset ɗinsa suna nan cikin wata tsohuwar adaka a ɗakina. Duka muryarsa ce da shirunsa, tawa babu ko ɗaya.

Da wana kuwa muka zauna shekaru a gida ɗaya, gaisuwa kawai. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Bara babban ɗansa, magidanci mai 'ya'ya, ya kwanta kwana biyu ya rasu. Aka yi zaman makoki, aka ba wana haƙuri, ya amsa da amin, aka yaba masa. Bayan arba'in na fara ganin abin da na sani. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, ya kan zauna a zauren nan yana kallon bango, shayi na hucewa a gabansa. Na ji matan gida sun fara maganar hayaƙi.

Wata rana da hantsi ina cire taya sai na ga inuwa a kaina. Shi ne. Bai taɓa taka rumfata ba sai ran nan. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi aiki, ya tambayi zafin rana. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, wai ko kaset ɗin mutumin nan na Kebbe suna nan, ya ji ko akwai abin da zai samu a ciki.

Na ajiye ƙarfen da ke hannuna, na goge hannu, na miƙe don idona ya yi daidai da nasa.

Na ce, "Yaya, ka ce don magani ka kunna ni a zaure. Na yi shekaru ina son in yarda. To mi ya sa ka mai da shi baya? Wanda ke neman magani sau ɗaya ya ishe shi. Dariya kaka nema, ka kuwa samu. Ban yafe ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na yafe don ɗanka ya rasu. Kaset ba ni ba ka, da ni yake magana a ciki, ba da kai ba. Amma na san abin da ke cinka, na san ba iska ba ce. Ga benci nan bayan rumfa, ba mai jin mu. Zan tambaye ka abu ɗaya in yi shiru, ka ɗauki duk lokacin da kaka so. Abin da ka faɗa, ko kuka ne, daga kunnena ba ya zuwa ko'ina. Ba halina ba ne, halin mutumin Kebbe ne, a wurinsa na gani. Zauna ka gaya mini, in ka rufe ido, mi kaka gani?"